Mai Gida Ce, Amma Ba Lafiya: Shin Tana Da Rabo A Tallafi?

 Yau za mu taɓo wata magana da ke ci wa iyaye da yawa tuwo a ƙwarya, musamman a unguwannin cikin birni irin su Yakasai, Jakara, Madabo da Mandawari, inda yawancin gidaje na gado ne. Za ki ga baiwar Allah ɓarin jikinta ya shanye, ko maigida yana kwance ana zaryar wankin ƙoda, ko ga yaro mai amosanin jini, na cefane ma ya gagara. In an zo rabon taimako sai ki ji ana cewa, "Ai wance mai gida ce, a ba wani." Ita ma kunya ta hana ta buɗe baki. To shin mallakar gida tana hana mutum karɓar tallafi?

Mu fara da zakka, tunda ita ce ta fi kusa da mu. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na waɗanda ake ba wa, fakirai da miskinai ne a farko. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fakiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba. Gidan da kike kwana a ciki buƙata ce ta dole, kamar sutura da tukunyar girki. Shi ya sa ba a fitar masa da zakka, kuma ba ya hana a ba ki. Sai dai malamai sun yi togaciya: in gidan ya zarce buƙatarki sosai, yadda in an sayar za ki sayi wani daidai ke, rarar kuma ta wadatar da ke, to hukunci ya canza. Haka nan in kuɗin haya na shigo miki har ya riƙe ki shekara. Nan sai ki tambayi malamin da ya san halinki. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003, ga kuma masu hali na unguwa da ke fitarwa da kansu.

Na biyu, haƙƙin ma'aikaci. Wannan kam gumin mutum ne, ba ruwansa da gida ko gona. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki. Ita ma dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba ya taɓa kuɗin asusunsa tun bai kai shekara 50 ba. Idan maigida yana cikin waɗannan tsare-tsare, abin da za ki tanada shi ne takardun asibiti da na wurin aiki, kuma a kai rahoto da wuri, kada a bari ya kwana biyu.

Na uku, kula da lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusu don kula da lafiya a matakin farko, a Kano kuma akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda aka yi dokarta a 2016. Ta wannan hanya ake sa masu rauni, irin su masu buƙata ta musamman, tsofaffi, masu juna biyu da ƙananan yara. Gurabe ba sa isar kowa, gaskiya ce, amma mai nema yana tare da samu. Ki aiki ɗanki ko ƙaninki asibitin unguwa ya tambayi lokacin rajista.

Na huɗu shi ne tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya, wanda aka fara da Naira 5,000 a wata a 2016. Nan ne gida yake ɗan shigowa. Ana ɗauko sunaye ne daga rajistar marasa ƙarfi, inda mutanen unguwa ke nuna mabuƙata, jami'ai kuma su yi tambaya kan yawan iyali, irin ginin, rufi, daɓe da kayan da aka mallaka. Don haka ana duba halin gidan gaba ɗaya, kuma tsohon ginin ƙasa mai yoyo da mutum goma a ciki ba zai zama ɗaya da bene ba. Ki faɗi gaskiya yadda take. In rabonki a gidan ɗaki ɗaya ne na tumunin takaba, ki ce ɗaki ɗaya ne.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila, tallafin da ake ba marasa ƙarfi yana tsayawa in ajiyar mutum ta wuce fam 16,000, amma gidan da yake zaune a ciki ba ya shiga lissafi. A Amurka ma haka ne. Dalilin ɗaya ne ko'ina: in ka raba mara lafiya da matsuguninsa, ka ƙara masa ciwo a kan ciwo. Mu ma nan, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a tauye mutum saboda lalurarsa.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, 'yar uwa. Lokacin jinya ne dillalai ke yawan sallama, wani lokacin har da na gida. Za a ce miki, "Hajiya, a sayar a yi magani, a kama haya a waje." Ki yi lissafi tukuna. Kuɗin gida yana narkewa kamar gishiri a ruwa, ita kuwa haya duk shekara tana nan tana jiranki, tana kuma hawa. Sannan ki tuna abin da ba ya shiga ciniki: maƙwabciyar da ke leƙo ki da safe, yaron da ke ɗebo miki ruwa, kusancin Asibitin Murtala da na ƙashi da ke Dala. In kin koma bayan gari, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya ishe ki kuka. Akwai lokacin da sayarwa ke zama dole don ceton rai, wannan ba laifi. Amma a fara duba ko za a fitar da shago a jikin zaure, ko a sa ɗan haya a ɗaki guda.

Jingina kuma ki yi kaffa-kaffa da ita, don gidaje da yawa ta nan suka suɓuce. Ki adana takardar rabon gado ta kotu da takardar ciniki, ki yi kwafinsu ki ajiye wani wuri daban. In ciwo ya sa dole sai kin naɗa wakili, a rubuta iyakar abin da kika wakilta shi, gaban shaidu da mai unguwa. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Duk wanda ya ce ki kawo takardun gida, ko lambar sirrin katin bankinki, wai zai sa ki a jerin masu tallafi, ki sani macuci ne.

Mu kuma masu lafiya, mu daina auna mutum da ƙofar gidansa. Sau da yawa mai zaure babba ita ce ke kwana ba ta ɗora tukunya ba, mutunci ya hana ta roƙo. Mu leƙa, mu tambaya cikin sirri, mu kai sunanta inda ya dace.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ne, ya rufa mana asiri duniya da lahira.