Wa Ke Cinye Ƙarfin Kwamfuta? Ma'aunin Gida da Madubin Waje

Duk manhajar da aka buɗe a kwamfuta, na'urar kan ba ta lamba, ta ware mata wuri a ma'ajiyar wucin gadi, ta kuma yanka mata rabo daga lokacin ƙwaƙwalwarta. Wannan shi masana ke kira aiki mai gudana. Sau da yawa kwamfutar da ake ganin tana zaune shiru tana ɗauke da irin waɗannan ayyuka fiye da 100. Idan ɗaya ya yi haɗama, sai na'urar ta yi nauyi ko ta cije, aikin da ɗalibi bai adana ba ya shiga haɗari. To, da me za a gano mai laifin?

Kayan gida

Windows na zuwa da Task Manager, wanda David Plummer ya rubuta, ya kuma fito a cikin Windows NT 4.0 a 1996. Da an danna Ctrl, Shift da Esc tare, sai ya jero ayyukan da abin da kowanne ke ci, ya ba da damar tsayar da wanda ya cije. Kamar ma'aunin zafin jiki yake: yana kusa, ba ya buƙatar dogon horo, nan take yake nuna akwai zazzaɓi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kayan waje

Amma sanin zazzaɓi daban, sanin ƙwayar cuta daban. Wannan sai madubin likita. Nan ne Process Explorer ya yi fice. Mark Russinovich na Sysinternals ne ya ƙirƙiro shi, kuma ko da yake Microsoft ta sayi Sysinternals a 2006, sai an sauko da shi daban.

Fifikonsa shi ne nuna asali. Kamar yadda ƙwayar halitta ke fitowa daga wata ƙwayar, haka aiki ne ke haifar aiki, shi kuwa Process Explorer yana zana wannan salsala reshe-reshe. Alal misali, svchost.exe na gaskiya services.exe ne ke haifarsa. Idan aka ga mai wannan suna ya fito daga wata manhaja dabam, to, akwai alamar muguwar manhaja ce ta yi shigar burtu. Bugu da ƙari, yana fallasa aikin da ya riƙe fayil ya hana a goge shi, yana kuma iya dakatar da aiki ba tare da an kashe shi ba.

Haka abin yake a Linux, inda akan tarar da top, a kuma ƙara htop na Hisham Muhammad, ɗan ƙasar Brazil, wanda ya fito a 2004.

Wanne za a ɗauka?

A fara da na gida, domin ya isa yawancin matsalolin ɗakin kwamfuta na makaranta. Sai in ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nemi na waje, daga shafin mai shi kawai, domin akan ɓoye muguwar manhaja cikin kwafin jabu. Kowanne aka riƙa, kada a tsayar da aikin da ba a san amfaninsa ba: kashe csrss.exe, alal misali, yana durƙusar da Windows gaba ɗaya. Malami ya fara koya wa ɗalibai karanta jerin, kafin ya nuna musu maɓallin kashewa.