Wa Ka Ba Makullin Wayarka?

A wannan makon za mu yi bayani ne kan izinin da waya ko kwamfuta ke nema kafin a taɓa abin da muka adana a cikinta.

Tsarin ya daɗe. A farkon shekarun 1970, injiniyoyin Bell Labs a Amurka da suka ƙirƙiro Unix suna aiki su da yawa a kan kwamfuta ɗaya, sai aka sa kowane fayil ya zama yana da mai shi. Izini iri uku ne: karantawa, rubutawa a ciki, da kunnawa idan manhaja ce. Lambobinsu 4 da 2 da 1. Mutane ma kashi uku ne: mai fayil, 'yan rukuninsa, sai sauran jama'a.

A ɗauki misalin fayil ɗin makin jarrabawa da aka sa wa 640. Malamin aji yana da 6, wato 4 da 2, zai karanta kuma zai gyara. Sauran malamai suna da 4, su duba kawai. Ɗalibai sifili. Idan aka yi sakaci aka sa 666, duk wanda ya shiga kwamfutar zai iya mayar da 35 ɗinsa ta zama 85. Mun san akwai masu murmushi a nan! Shi ya sa a kwamfutar Windows ma ya fi kyau asusun mai cikakken iko ya tsaya a hannun malami, ɗalibai su shiga da asusu na gama-gari.

Wayar Android a kan Linux aka gina ta, kuma Linux tsarin Unix ya bi. A wurinta kowace manhaja tamkar baƙo ce da aka ba ɗakinta, ba ta leƙa na wani. Daga Android 6.0, a 2015, sai ta tambaye ka kafin ta shiga kyamara, lambobin mutanenka ko inda kake. Da yawanmu ko karantawa ba ma yi, sai mu danna amincewa.

Wannan ƙofa ce wasu manhajojin ba da bashi suka bi a Najeriya. Suna kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi, idan ya makara su tura wa iyayensa da surukansa saƙon cin mutunci. A Maris 2022 hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, kuma daga 31 ga Mayu 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji na Play Store neman lambobi da hotuna. Amma manhajar da aboki ya tura maka ta Xender ba ta bi ta nan ba.

Sai katin memori. Yawancinsa tsarin FAT32 ko exFAT gare shi, wanda ba ya riƙe izinin mai fayil sam. Idan ka miƙa shi ga mai tura finafinai a kasuwar Ƙanƙara ko Faskari, hotunan gidanku a buɗe suke a kwamfutarsa. A ware wa finafinai katinsu daban.

Mai son duba wayarsa, ko ta Baba idan ya yarda, ya shiga Settings, sai Apps, ya zaɓi manhaja, ya buɗe Permissions. Manhajar tocila da ke riƙe da izinin lambobi ko makirufo, a cire mata shi. Za ta ci gaba da haskawa.