CIWON ƘODA: A TARE SHI TUN DAGA ƘAUYE

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, gona ba ta da yawa. Gida yana jikin gida, gona tana jikin gona, ba a barin wuri ya huta. Abin da mutum ya gāda shi yake zuba wa taki kowace shekara, shi yake ci da iyalinsa. To, akwai wani ciwo da yake raba mutane da wannan 'yar gonar. Akan fara da sayar da awaki, sa'an nan shanun huɗa, daga baya a jinginar da gona. Wannan shi ne ciwon ƙoda. Maganinsa yana da tsada ƙwarai in ya yi nisa, amma tare shi tun da wuri bai fi ƙarfin talaka ba.

MENE NE AIKIN ƘODA?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannu ba. Aikinta kamar na matacin koko ne. Jini yana bi ta cikinta, ta riƙe abin da jiki yake bukata, ta fitar da datti da ragowar ruwa da gishiri su zama fitsari. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. A kwana ɗaya suna tace ruwa kamar lita 180, watau jarka tara irin ta 'yan garuwa. Amma abin da yake fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ko biyu ba, sauran yana komawa jiki.

Ban da wannan, ƙoda tana daidaita ƙarfin bugun jini, tana kuma taimakon jiki wajen yin sabon jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fama da hawan jini da ƙarancin jini gaba ɗaya.

IRI BIYU NE

Na fari shi ne wanda yake zuwa farat ɗaya. Cikin kwana biyu ko uku fitsari ya ragu ko ya tsaya. In aka kai mutum asibiti da sauri, sau da yawa ƙodar takan farfaɗo.

Na biyu shi ne mai cin mutum a hankali, shekara da shekaru, kamar yadda gara take cin azara. Daga waje ɗaki yana tsaye lafiya. Mutum yana iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa bai ji kome ba. Abin da ya lalace kuwa ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Masana sun ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin goma a duniya yana da irin wannan, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

1. Hawan jini. Shi ne babban mai kashe ƙoda a ƙasarmu. Ba ciwon masu kuɗi ko na mutanen birni kaɗai ba ne. Manomi siriri yana iya samunsa, ba kuwa lalle ya ji ciwon kai ba. Awo ne kaɗai yake nuna shi.

2. Ciwon sukari. In sukari ya daɗe da yawa a jini, yakan lalata matatan nan.

3. Gudawa da amai. In ruwan jiki ya ƙare, jini ba ya isa ƙoda. Kwalara tana iya tsai da ƙodar babban mutum, balle ta yaro.

4. Aiki cikin rana ba shan ruwa. Mai noman rani, da mai yin bulo, da mai sharar gona cikin bazara suna zubar da gumi mai yawa. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado, can Amurka ta Tsakiya, ciwon ƙoda ya kashe dubban masu saran rake, masana kuwa sun ga zafi da ƙishirwa suna da hannu a ciki. Kusa da mu ma, a Gashuwa ta Jihar Yobe da Haɗeja ta Jihar Jigawa, ciwon ƙoda ya yawaita, ana ta bincike a kan ruwan sha da magungunan feshi da zafin rana.

5. Ƙwayoyin ciwon jiki. Mutane da yawa sukan dawo daga gona su sayi haɗin ƙwayoyi wurin mai talla, kullum. A cikin irin wannan haɗi sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen. Shansu kowace rana, musamman da ƙishirwa a jiki, yana cutar ƙoda.

6. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ba kowane sassaƙe ne yake da illa ba, amma wanda ake sayarwa a jarka a kasuwa, ba awo, ba suna, ƙoda ce take ɗaukar nauyinsa.

7. Tsargiya. Yaran da suke wanka a madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Wasai, ko a kududdufi, sukan yi fitsarin jini. Wannan ba alamar balaga ba ce, tsutsa ce. In ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari, ƙoda ta kumbura.

8. Maganin feshi. Maganin ciyawa irin wanda aka rubuta paraquat a jikinsa dafi ne mai ƙarfi, kurɓi kaɗan yana lalata ƙoda da huhu.

9. Ciki da haihuwa. Jijjiga da zubar jini mai yawa suna iya tsai da ƙodar mace.

10. Ƙuraje da ciwon maƙogwaro a yara. Wani lokaci bayan mako biyu ko uku sai fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi kamar ruwan shayi.

Haka kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da ciwon sikila, da riƙewar fitsari a wurin dattawa maza.

ABIN DA YA FARU A KANO

A watan Maris da Afrilu na shekarar 2021, mutane da yawa a Kano suka kama amai da fitsarin jini. Da aka bincika, sai aka ga sun sha abin sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, alhali guba ne. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta asibiti, 50 daga cikinsu ana yi musu maganin ƙoda. Kafin wannan, a shekarar 2008, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya, har da waɗansu a Zariya, gama akwai dafi a ciki wanda ya tsai da ƙodarsu. Darasin ɗaya ne. Duk abin da ya shiga baki, ƙoda ce za ta tace shi. Kada ka sayi gari ko magani da aka juye a leda ba suna, kome arharsa.

ALAMU

Kumburin fuska da safe, da kumburin ƙafafu da yamma. Fitsari mai kumfa kamar an zuba sabulu. Fitsari mai jini. Yawan tashi fitsari da dare, ko raguwarsa ƙwarai. Kasala, da rashin jini, da ƙaiƙayin jiki, da tashin zuciya, da shaƙuwa mai naci, da haki.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, tafi asibiti. Kada a tsaya ana cewa sammu ne ko shawara. Kada a yi wa kumburi tsaga. In mutum ya yini ya kwana bai yi fitsari ba, a ɗauke shi a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

YADDA ZA KA TSARE ƘODARKA

Ka auna jininka aƙalla sau ɗaya a shekara. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, kana bukatar magani. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Mutane da yawa sun rasa ƙodarsu don sun sha na wata ɗaya suka daina.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya roƙa a gwada fitsarinsa da jininsa kowace shekara. Gwajin fitsari da ɗan tsinken takarda ne, ba ya ɗaukar minti biyar.

Uwargida, ki rage gishiri. Abin da babban mutum yake bukata a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya ba, watau giram 5. Dunƙulen miya da kanwa su ma gishiri ne. Daddawa da albasa da citta suna ba miya daɗi.

Ka tafi gona da ruwa mai tsabta, ka riƙa sha kafin ƙishirwa ta kama ka. Ka huta a inuwa da tsakar rana. Dubi fitsarinka: in ya yi ja, ruwa bai ishe ka ba.

In gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. A lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo.

In za ka yi feshi, ka rufe hanci da jiki, ka ba iska baya, ka yi wanka da sabulu bayan ka gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai a mazubin maganin feshi, kada kuma a wanke shi kusa da rijiya.

A kai yaro mai tsargiya asibiti. Maganinta praziquantel ne, akan kuma raba shi kyauta a makarantu. Mai ciki ta riƙa zuwa awo.

IN ƘODA TA RIGA TA GAZA

Wanda aka ce ƙodarsa ta raunana, kada ya fid da zuciya. Da magani da kiyaye abinci mutum yakan yi shekaru yana aikinsa. Amma shi dokarsa dabam ce: in yana kumbura, likita ne zai faɗa masa yawan ruwan da zai sha. Ya kuma nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi.

In ta gaza sarai, hanya biyu ce. Ta fari wankin ƙoda, watau inji ya tace jinin. Akan yi shi sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Ga mai ciwon farat ɗaya, wanki kaɗan yakan isa, don haka kada a ƙi shi saboda tsoro. Ga mai daɗaɗɗen ciwo kuwa, wankin ba ya ƙarewa. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a waɗansu asibitocinta. Ko a hakan, zama uku a mako ya kai naira 144,000 a wata, ban da kuɗin mota da magani da ƙarin jini.

Ta biyu dashen ƙoda. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yin dashe a shekarar 2002. Ɗan'uwa mai lafiya yana iya ba da ƙoda ɗaya ya rayu da ɗayar. Wanda aka dasa wa zai sha magani muddin ransa. Sayar da ƙoda kuwa laifi ne, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana.

ABIN DA ƘAUYE ZAI IYA YI

Injin awon jini na batir bai kai kuɗin tunkiya ba. Ƙungiyar manoma ko ta mata tana iya yin karo-karo ta sayi ɗaya, ta roƙi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu yadda ake awo. A sa rana ɗaya a wata, a auna kowa, a rubuta a littafi. Wanda nasa ya hau a tura shi asibiti, a kuma riƙa tambayarsa ko yana shan maganinsa.

Manomi ba ya jira sai ƙuduji ta rufe gona kafin ya tuna da taki. Ka yi wa ƙodarka haka. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan, ku tafi awo tare kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.