Gaskiya ko Jita-jita: Wai Murjani Dutse Ne?

Tambayi duk wata uwar amarya a Garaku game da murjanin da ake sa wa 'yarta a wuya, za ta ce maka dutsen teku ne. Haka yawancinmu muka taso muna ji, amma jita-jita ce. Murjani halitta ce mai rai: 'yan mitsi-mitsin dabbobi masu taushi, da yawa ba su wuce ƙwayar gero ba, da ke zaune cunkushe suna gina wa kansu ƙashi mai tauri. Ƙashin nan ne ake gogewa a huda a yi tsakiya. Jan murjanin ado na ainihi tun da can daga Bahar Rum ake samo shi, kuma ba kowane ja da ke kasuwa ne shi ba, akwai na roba da na gilashi.

Wasu kuma na cewa tunda Legas na bakin teku, ai can za a ga tuddan murjanin nan masu launi da ake nunawa a talabijin. Ba haka ba ne. Murjani mai gina tudu yana son ruwan gishiri mai ɗumi, garau, wanda rana ke ratsawa, ga shi kuwa Neja da sauran kogunanmu laka suke kwararawa cikin teku.

Tudun murjanin da ya fi kusa da tarihinmu yana Bahar Maliya, tekun da kakanninmu masu tafiya Hajji ta ƙasa suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda. Tsofaffin gidajen garuruwan biyu ma da tubalin murjani aka gina su. A tekun nan ne gandun murjani na Sanganeb yake, kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tare da Dungonab, inda wani ɗan'uwan ayun Binuwai ke kiwon ciyawar teku. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa ziyara ta yi wuya.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai ɓallo ɗan guntu don tsaraba ba komai. Akwai komai. Wasu manyan murjanai santimita ɗaya kacal suke ƙaruwa a shekara, ke nan guntun da ya cika tafin hannu ya kai shekara goma yana girma, kuma a tsakaninsa ƙananan kifaye ke fakewa. Idan Allah ya kai ka irin wannan gandu, kada ka taka, kada ka ɓalla, ka ɗauki hoto kawai.