Gwal a Akwati, Magana a Takarda: Yadda Ake Zaɓar Inshorar Kayan Ado

Idan kuɗi masu kauri suka shigo hannun mace a Kano ko Katsina ko Maraɗi, na gado ne ko kwasar adashi ko ribar sana'a, sau da yawa gwal suke komawa. Sarƙa da 'yan kunne na lefe, awarwaro da aka yo tsaraba daga Makka, zoben da aka saro a Dubai, duk suna kwance cikin akwati suna jiran rana ɗaya daga cikin biyu: ranar biki ko ranar matsi. Da su ake biyan kuɗin asibiti, da su ake cika kuɗin fili, da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki. Matan nan ba su yi wauta ba. Farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 2,000 kan kowace oza a watan Agusta 2020, ya haura 3,000 a Maris 2025, ya wuce 4,000 a Oktoban 2025. Oza ɗaya giram 31 ce da ɗan ɗoriya. A tsakanin nan kuma naira ta zube: kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta zarce 1,500. Wadda ta riƙe gwal ta tsira da dukiyarta, wadda ta riƙe takardar naira tana kallo ta narke.

Sai dai dukiya ce da ake iya dunƙulewa a tafin hannu. Ɓarawo ba ya buƙatar mota. Gobara da ambaliya ma ba su barin ta, kuma mutanen Maiduguri sun ga haka a Satumba 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci gidaje cikin dare. Duk da haka da wuya ka ji wadda ta yi wa gwal ɗinta inshora. A Najeriya gaba ɗaya abin da ake zubawa a inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, kuma Arewa tana can baya.

Dalili na farko da ake bayarwa shi ne addini, kuma ba dalilin rainawa ba ne. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita haramun ce saboda gararin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakon juna. Tun kafin nan, a 1979, an kafa kamfanin farko na irin wannan inshora ta taimakon juna, wato takaful, a Sudan. A tsarin takaful, abin da mutum ya zuba gudummawa ce cikin asusun da mahalarta suka mallaka tare. Wanda asara ta samu a biya shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, ba a juya kuɗin a harkar riba, in kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya mayar wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Ƙofar a buɗe take ga mai gudun shubuha. Abin da ya rage, ko takaful aka zaɓa ko inshorar da aka saba, shi ne sanin abin da takardar ta ce, domin a nan ne akasarin mutane suke faɗuwa.

Hanya biyu ce ake bi. Ta farko ita ce inshorar kayan gida, wadda ta ƙunshi kujeru da firji da talabijin da sutura, ana biyan diyya idan gobara ta ci ko ɓarayi sun fasa. Mutane da yawa suna zaton gwal yana ciki kai tsaye. Yana ciki, amma da linzami. Irin wannan takarda takan ƙayyade iyakar abin da za a biya kan kayan ado gaba ɗaya, ta kuma ƙayyade iyakar abin da za a biya kan abu guda, sai fa idan an ambace shi da sunansa da ƙimarsa a jerin da aka haɗa da takardar. Mace mai sarƙar naira miliyan 10 tana iya tarar da cewa iyakar abu guda ba ta kai kuɗin ɗan kunne ɗaya ba. Sannan kariyar ta tsaya a bakin ƙofa. Da zarar an fita da kayan daga gida, babu ruwan kamfani.

Ga kuma sharaɗin da ya fi cizo. Inshorar sata takan buƙaci shaidar an shiga ko an fita da ƙarfi: ƙofa a ɓalle, taga a karye, rufi a fashe. To, ta yaya gwal ya fi ɓacewa a gidajenmu? Ranar suna ce, ɗaki cike da 'yan barka, mai jego ta cire sarƙa ta ajiye kan madubi za ta yi wanka, ta fito ba ta gan ta ba. Babu ƙofar da aka ɓalle. Ko kuma wani na gida ne ya san inda makullin durowa yake kwana. Takardu da yawa sun cire satar da mai aiki ko ɗan gida ya yi, ko wadda aka yi da haɗin bakinsa. Wadda ba ta tambayi wannan tun farko ba, sai ranar da ta je neman diyya za ta ji.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka tanada musamman don kaya masu daraja da ake yawo da su, wadda ke ɗaukar kusan kowace irin asara: sata, ƙwace a hanya, faɗuwa, karyewa ta haɗari, a gida ko a waje. Ta fi tsada, amma ita ce ta dace da gwal ɗin da ake sawa. A Amurka, inda wannan kasuwa ta bunƙasa, akan biya tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙimar kayan a shekara. A nan gida kowane kamfani da nasa lissafi, gwargwadon unguwa da inda ake ajiya. A wannan tsari ana jera kowane abu shi kaɗai, da nauyinsa da karat ɗinsa da ƙimarsa. Kuma ita ma tana da abubuwan da ba ta ɗauka: tsufa da gogewa, maƙalin da ya saki saboda daɗewa, kayan da aka bari a mota ba kowa, yaƙi, sau da yawa har da tarzoma da ta'addanci sai an saye su daban. A Arewacin yau, tambayar ko takardar ta ƙunshi tarzoma da harin 'yan bindiga ba tambayar banza ba ce, a yi ta kuma a nemi amsar a rubuce.

Akwai al'adunmu biyu da ya kamata a shimfiɗa wa ma'aikacin inshora a fili. Ta farko aro. Ƙanwa za ta je kamu ko dina, ta zo ta ce, "Yaya, ara mini saitinki na Dubai, gobe da safe zan dawo da shi," kuma ba a hana ta. Idan ya salwanta a wuyanta, shin takardar ta ɗauka? Wasu suna ɗaukar mai kayan da iyalin da ke zaune tare da ita kaɗai. Ta biyu tafiya. Takarda tana da iyakar ƙasa. Wadda aka rubuta wa Najeriya ba ta aiki a Makka ko Madina ko Yamai, sai an faɗaɗa ta. Mai zuwa Umara da awarwaronta a hannu ta duba wannan layin kafin ta hau jirgi. A duba kuma abin da aka ce game da kayan da ke tafiya bibbiyu ko saiti. Idan ɗan kunne ɗaya ya faɗi, kamfanoni da yawa kuɗin ɗayan kawai za su biya, ko da yake wanda ya rage ba ya sawuwa shi kaɗai.

Amma babbar magana ita ce ƙima, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Kamfani ba ya biyan abin da ya fi adadin da aka rubuta. Wanda ya rubuta ƙasa da ƙimar gaskiya kuma, akwai sharaɗin da ke rage masa diyya daidai da giɓin da ya bari. A ce Hajiya ta yi wa kayanta inshora kan naira miliyan 5 shekaru uku da suka wuce, kullum tana sabuntawa kan wannan adadi, alhali yau sun kai miliyan 20. Aka sace rabinsu, wato na miliyan 10. Tana iya zaton za a ba ta miliyan 5 ɗin da ta rubuta. A'a. Kamfani zai ce kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar ta ba shi amana, sauran ukun ita ta ɗauki nauyinsu, don haka kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zai biya: miliyan 2.5, a kuma cire ɗan kason farko da aka yi yarjejeniya mai kaya ne ke ɗauka. Misalin nan ba zuguguwa ba ce. Tsakanin farkon 2023 da ƙarshen 2025 farashin giram ɗin gwal a naira ya ninka sau huɗu ko fiye. Duk takardar da ba a sake duba adadinta ba a wannan tsakani ta zama kamar zanen da aka yanka wa yarinya, ta girma ba ya rufe ta. Maganin shi ne a sake auna ƙimar duk shekara lokacin sabuntawa, kuma in kamfani ya yarda, a nemi tsarin da ake amincewa kan ƙimar kowane abu tun farko, ta yadda ranar asara babu ja-in-ja.

Auna ƙimar gwal kuwa abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da lu'ulu'u, wanda sai gwani da takardar shaida. Ana buƙatar sikeli da sanin karat. A jikin yawancin kayan kirki, kusa da maƙali ko cikin zobe, akwai ƙananan lambobi: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21 wanda ya fi yawa a kayan Saudiyya da Dubai, 750 karat 18 irin na Italiya. Lambar tana faɗin yawan zinare tsantsa cikin kashi 1,000. Lamba kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu ma suna bugawa, shi ya sa mai sayar da gwal yake goga kayan a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ko ya sa a na'ura. A je wurin amintaccen ɗan kasuwa ya auna ya rubuta a takarda mai sunan shagonsa da kwanan wata. A tambayi kamfani tukuna ko zai karɓi wannan takarda ko yana da nasa mai aunawa. A kuma lura cewa kuɗin da mai shago zai saya daga hannunki ya gaza wanda zai sayar miki, saboda ladan ƙira da riba. Adadin da ya kamata a rubuta shi ne na sake sayen irinsa.

Rasit kuma a daina jefar da shi. Kayan lefe da na gado galibi ba su da rasit, to a ɗauki hoton kowanne a kan sikeli, lambar nauyi tana fitowa, da hoton tambarin karat ɗin kusa-kusa. A ajiye kwafi a wani wuri daban da inda gwal ɗin yake, domin wutar da ta ci akwati ba za ta bar takardar da ke cikinsa ba.

Wani abu da ya dame ni shi ne sunan da ke kan takardar. Gwal na mace ne, shari'a ta ba ta, ba na miji ba ne. Amma inshorar gida da sunan maigida ake yin ta, kuma shi za a miƙa wa diyya. A gidan da ke da mata biyu ko uku, wannan kaɗai ya isa ya kunna fitina. Gara kowace mace ta yi tata da sunanta, ko a rubuta ƙarara wane kaya na wace ce. Na san kuma akwai tsoron fallasa: a wannan zamani na garkuwa da mutane, wa ke son baƙo ya san abin da ke ɗakinta? Tsoron yana da tushe. Shi ya sa bai kamata a miƙa jerin kaya ga duk wanda ya zo ƙofa da jaka da katin aiki ba. A tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, a je ofishinsa, ko a bi ta hannun dillalin inshora mai rajista, wanda aikinsa shi ne kare mai saye ya kwatanta masa tayin kamfanoni daban-daban. A biya kuɗin ta asusun kamfani a karɓi shaida, domin ƙa'idar da ake bi a Najeriya ita ce babu kariya sai an biya. Alkawarin baki da "a kawo daga baya" ba su ɗaure kamfani.

Masu cewa sun kai nasu banki sun huta, su ma su sake tunani. Kariyar da hukumar NDIC ke bayarwa ta kuɗin ajiya ce a asusu, ba ta kayan da ke cikin akwatin haya ba. A Landan, a hutun Ista na Afrilu 2015, wasu tsofaffin ɓarayi sun huda katangar kankare ta wani gidan ajiya a unguwar masu lu'ulu'u ta Hatton Garden, suka buɗe akwatuna fiye da 70, suka kwashe kayan da aka ƙiyasta sun kai fam miliyan 14. Da yawa daga masu kayan ba su da inshora, saboda sun ɗauka wurin ya fi ƙarfin ɓarawo. Amfanin ajiya a banki ko a akwatin ƙarfe da aka kafe a bango shi ne yana iya rage kuɗin da kamfani zai caja. In kuwa takardar ta shardanta cewa a can kayan za su riƙa kwana idan ba a sa su ba, to a can za su kwana, ba ƙarƙashin katifa ba, in ba haka ba diyya ta faɗi.

Ba kowane zobe ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. 'Yan kunnen yau da kullum na giram biyu, kuɗin inshorarsu da kason da mai kaya ke ɗauka na iya cinye amfanin. A ware manyan, waɗanda rashinsu zai girgiza gida, a yi musu. Idan kuma abin da ake gudu ya faru, a kai rahoto ga 'yan sanda nan take a karɓi takardar rahoton, a sanar da kamfani cikin kwanakin da aka ƙayyade, kada a gyara ƙofar da aka ɓalle kafin a ɗauki hotonta mai bincike ya gani. A faɗi gaskiya tsantsa, domin ƙara giram ɗaya da ba a sace ba yana iya rushe haƙƙin gaba ɗaya. Kamfanin da ya yi ta jan ƙafa bayan an cika masa dukan sharuɗɗa, akwai sashen karɓar ƙorafi a NAICOM da ake kai ƙararsa, kuma ba sai da lauya ba.