Kuturtar Gyaɗa da Irin da Ya Gagare Ta

A shekarar 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin da suka kai kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Ganye ya ƙanƙance, shuka ta tsugune, ba ta yi 'ya'ya ba. Wasu na cewa kuɗin man fetur ne ya rushe dalar gyaɗar Kano, kuma da gaskiyarsu, amma wannan annoba ce ta karya zuciyar manomi. Ƙwayar cutar bairos ce, darɓa ke yaɗa ta, kuma in ta shiga shuka babu feshin da zai fitar da ita. Shi ya sa mafita ta koma cikin irin kansa.

Tun shekarun 1950 masana Faransawa suka gano gyaɗar gargajiya mai jure cutar a iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa. Sai dai tana jan lokaci kafin ta nuna, damina kuwa a Kano da Katsina gajera ce. An shafe shekaru ana barbara ta da mai saurin nuna, aiki mai cin rai, domin halin juriyar yakan ɓuya a 'ya'yan farko, sai a jikoki ya bayyana. A 2001 cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, tare da cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT, ta fitar da irin SAMNUT 23 mai jure cutar, mai kuma nuna da wuri. Mai cewa feshin darɓa ya wadatar ya manta cewa magani kuɗi ne duk shekara, kuma ƙwaron kan zuba cutar kafin ya mutu. Irin kuwa manomi na iya ajiye shi daga girbinsa ya sake shukawa baɗi.