Ƙiba: me ya sa hawa ke da sauƙi, sauka ke da wuya?

A Madarunfa, in aka ce sikeli, abin da ke fara zo wa uwa a rai shi ne awon yaro. Tun bayan matsalar abinci ta 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi, mata sun saba da ɗora jariri bisa sikeli, sun kuma saba da ɗan zaren nan mai launi uku da ake zagaya wa yaro a damtse: kore lafiya lau, rawaya a kula, ja a garzaya likita. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta share shekaru tana jinyar yara masu tamowa a wannan gunduma. Amma akwai wasu masu hawa sikelin da ba a cika maganarsu ba. Magidanci ne ko uwar gida mai shekara 45 ko 50, an auna an tarar da hawan jini ko ciwon suga, malamin asibiti kuma ya ce dole a rage jiki.

Kukan da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Jikin ya taru cikin 'yan shekaru ba a ma lura ba. Mutum ya yi wata uku yana rage tuwo, ya daina sa suga a shayi, da ƙyar kilo 3 ya sauka, ana gama hidimar babbar sallah ya dawo har da ƙari. Sai na kusa su ce kwaɗayi ne, ko rashin juriya. Masu binciken jikin ɗan Adam sun fi shekara 70 suna nazarin wannan lamari, kuma abin da suka gano ya sauke wa mai ƙiba kaso mai yawa na laifin da ake ɗora masa.

Abu na farko lissafi ne. Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ana auna shi da kalori, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Shigar da kalori ba wuya: babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, gwangwanin lemon kwalba kusan 140, wato daidai da ƙwayar suga bakwai. A haɗa da ƙosai ko fanke da safe, awara da la'asar, shayi na ɗaya da na biyu da na uku a fada, kowanne da sugansa. Cikin minti goma mutum zai haɗiye kalori 500 bai ji ya ci wani abu ba. Fitar da su kuwa sai an yi gumi. Mai nauyin kilo 80 yana ƙona kalori wajen 60 a tafiyar kilomita ɗaya. Kafin tafiyar ƙasa kaɗai ta narkar da kilo guda na kitse, sai ya taka fiye da kilomita 120, kamar ya je Maraɗi daga Madarunfa ya dawo kusan sau uku. Alhali yau ko kasuwa za a shiga, kabu-kabu ake tarewa.

Da lissafin ne kawai, da abin ya zo da sauƙi: a rage ci, a ƙara motsi, shi ke nan. Matsalar ita ce jiki ba ya zura ido ana kwashe masa ajiya.

Manomi ya fi kowa fahimtar wannan. Da kaka ana cika rumbu. In damina ta yi tsakiya hatsi ya ja baya, maigida mai hankali yakan rage awon da ake fitarwa kullum, ya hana almubazzaranci, hankalinsa kuma ba ya kwanciya sai rumbun ya sake cika. Kitse shi ne rumbun jiki. Dubban shekaru 'yan Adam sun rayu tsakanin ƙoshi da yunwa, wanda jikinsa ya iya ajiya shi ne ya tsallake fari ya bar baya. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labari: dattawa suna tune da farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 wadda wasu ke kira El-Buhari. Jiki yana da dabarun kare kansa daga rama iri-iri, amma birkin da ke hana shi ƙiba ba shi da ƙarfi sosai, don a tarihi yawan abinci bai cika kashe mutane ba. Kuma jikin bai san bambancin fari da shawarar likita ba. Ya ga abinci ya ragu, sai ya ɗauka yunwa ta shigo gari.

An ga haka ƙarara a wani gwaji da aka yi a jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 da 1945, ƙarƙashin jagorancin Ancel Keys. Samari 36 suka yarda aka rage musu abinci kusan da rabi har mako 24. Sun zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a zaune ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Bugun zuciya ya ragu, sanyi ya dame su, fushi ya yi yawa, hirarsu da mafarkinsu duk suka koma kan abinci. Da aka sake su, wasu suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa, kitsen da suka tara daga baya har ya zarce wanda suke da shi tun farko.

Wannan rage ƙonawa ba ya wucewa da wuri. A 2016 wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon sake auna mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka. Shekara 6 bayan gasar, yawancinsu nauyin ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona. Gasar ta wuce gona da iri, wanda ya rage jiki a hankali ba zai ga giɓi mai yawa haka ba. Duk da haka darasin yana nan: mutum biyu masu kilo 80, ɗaya haka yake tun asali, ɗayan ya sauko ne daga 100, na biyun sai ya ci ƙasa da na farkon kafin ya tsaya a inda yake.

Sai kuma yunwa. A 1994 Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller a New York ya gano cewa kitse da kansa yana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta hanyar wani sinadari da aka sa wa suna leptin. In kitse ya ragu, leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ji rumbu na ƙarewa, ta buɗe cin abinci. A 1999 masu bincike a Japan suka gano wani kuma, girelin, wanda ciki ke fitarwa don tayar da yunwa. Likitoci a birnin Melbourne na Ostareliya sun bi mutum 50 da aka sa wa tsarin rage abinci na mako 10, suka fitar da sakamakon a 2011. Waɗanda suka kai ƙarshe sun zubar da kilo 13 da ɗoriya, amma shekara guda bayan nan girelin ɗinsu yana sama, leptin yana ƙasa, kuma sun fi jin yunwa bisa ga yadda suke kafin su fara. Wato wanda ke faɗa da tuwon dare, da jininsa yake faɗa. Su kansu ƙwayoyin da ke riƙe kitse ba sa ɓacewa. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2008 ya nuna cewa in babba ya rame, ƙwayoyin motsewa suke yi kamar buhun da aka zazzage, adadinsu yana nan, suna jiran a sake cika su.

Akwai wani ɓangare na wannan ilimi da ya shafi jihar Maraɗi kai tsaye, ya kuma kamata hukumomin lafiya su ba shi muhimmanci fiye da yadda ake yi. A ƙarshen 1944 zuwa tsakiyar 1945 yaƙi ya jefa yammacin ƙasar Holan cikin yunwa. Da aka bi sawun yaran da ke cikin uwayensu a lokacin, sai aka tarar waɗanda yunwar ta riska a watannin farko na ciki sun fi sauran yin ƙiba da suka girma, an kuma ga matsalar suga ta fi yawa ga waɗanda aka yi cikinsu a watannin yunwar. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan shirya kansa don rashi. In daga baya ya tarar da shinkafa da taliya da mai da suga, sai ya yi ta ajiya, musamman a tumbi, inda kitse ya fi haɗari. A Nijar kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa kai tsawon da ya dace da shekarunsu saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, Maraɗi kuma tana cikin jihohin da abin ya fi yawa. Jariran da aka auna a 2005 yau samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure. Tamowar jiya da ciwon sugan gobe suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Bayan jiki kuma, ga idon jama'a. Wanda ya yi ƙiba ana cewa ya samu, hutu ya karɓe shi. Amarya ta yi ɓul-ɓul, a yaba wa ango da iya kiwo. Mai jego tana shan kunun kanwa da nama har a yi arba'in, kuma jikin haihuwar fari bai gama sauka ba wani cikin ya shiga. A yammacin ƙasar ma akwai al'adar hangandi ta Zabarmawa, inda mata ke ɗura abinci da gangan don su yi jiki. Wanda ya fara rama kuwa, tambayar da zai sha ita ce «lafiya kuwa?» Wasu su ce karayar arziki ce, wasu su ce zaman gidan ne ba daɗi, wasu su yi raɗar wata cuta. Ga shi a kwano ɗaya ake ci, kuma ƙin abincin biki ko na suna abin magana ne. Mai neman ƙiba kowa na taya shi, mai neman ragewa shi kaɗai yake.

Mafi muni su ne ƙwayoyin ƙiba da masu tallar magani ke yawo da su, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne ko siproheptadin. Na biyun yana buɗe ciki ne ya sa barci. Na farkon yana kumbura fuska da tumbi, ya tara ruwa a jiki, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana shan shi kada ta yanke rana ɗaya, don hakan ma yana da haɗari. Malamin asibiti ne zai tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali.

To, in jiki haka yake da taurin kai, wahalar banza ake yi ke nan? A'a, domin lafiya ba ta jiran sai an koma jikin samartaka. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ake magana. Tafiyar minti 30 bayan asuba, kwana biyar a mako, ta cika wannan awo. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa, kamar yadda lissafin farko ya nuna, amma yana kare tsoka, yana saukar da suga da jini, yana kuma taimakawa nauyin da ya tafi kada ya dawo.

A ɓangaren abinci, horon yunwa mai tsanani shi ne ke saurin tayar da ƙararrawar jiki, shi ya sa bai cika ɗorewa ba. Azumi ma shaida ne: ɗan abin da ya sauka a watan yakan dawo cikin 'yan makonni bayan sallah. Abin da ya fi riƙuwa shi ne canjin da mutum zai iya zama da shi shekara da shekaru. Kalorin da ake sha ya fi sauƙin yankewa, domin lemo da shayi mai suga da hurar da aka zuba wa suga ba sa ƙosarwa kamar abin da aka tauna. Sai man suya. Abin da ke riƙe ciki kuwa yankin Madarunfa ba ya rasa shi: wake, kifin tafki, zogalen Jiratawa, kabeji da salati na lambunan rani, da tuwon hatsi daidai misali. Barci ma yana da hannu, wanda ke raba dare a fada ya fi jin yunwa washegari.

A ƙasashen masu kuɗi ana ta maganar sababbin allurai irin su Ozempic da Wegovy, waɗanda ke kwaikwayon sinadarin ƙoshi. Suna aiki: a gwaji, masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma da aka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya tafi ya dawo cikin shekara guda. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin jama'a, kuma hukumar lafiya ta duniya OMS ta yi gargaɗi a 2024 cewa jabunsu na yawo a kasuwa.

Wanda ba shi da sikeli a gida yana iya amfani da igiya. Ya auna tsawonsa daga kai zuwa ƙafa, ya ninka igiyar biyu, ya zagaya ta a cikinsa wajen cibiya. In bakunan sun haɗu, da sauƙi. In sun ƙi haɗuwa, tumbin ya wuce rabin tsawon jiki, lokaci ya yi da zai je likita a auna masa jini da suga, ko da ba ya jin ciwon komai.